Ƙasa, Ulu da Bashin Sarki: Yadda Aka Tafiyar da Dukiyar Ingila daga 1272 zuwa 1485

 

  

Batun da na zo da shi yau shi ne yadda sarakunan Ingila suka tafiyar da harkar ƙasa da fatauci da biyan kuɗi, tun daga hawan Sarki Edwad na Ɗaya a 1272 har zuwa faɗuwar Ricad na Uku a fagen yaƙi a 1485. Yaƙe-yaƙen zamanin zan bar su a gefe, mu shiga ɗakin magatakarda da tashar jiragen ruwa da teburin ma'aji, inda ake samar da kuɗin da ake yin yaƙin da su.

Na san akwai mai cewa a ransa, "Malam, me ya haɗa mu da tumakin Ingila na shekara ɗari bakwai da suka wuce?" Dattawan da ke nan sun riƙe fam da sule da kwabo a hannunsu har zuwa 1973 da naira ta shigo, kuma lissafin nan na fam ɗaya sule 20, sule ɗaya kwabo 12, shi ne dai wanda ma'ajin Sarki Edwad yake aiki da shi. Ƙa'idar da muke ji kowace shekara, cewa gwamnati ba ta sa haraji sai majalisa ta yarda, ita ma a wancan zamanin aka yi naƙudarta. Abin da ya shigo gidanka ya zauna kuwa, ya kamata ka san asalinsa.

Maganata guda ɗaya ce, zan kuma bi ta a matakai biyar. Sarakunan Ingila sun kafa tsarin rubutu wanda ba ya manta kwabo ɗaya da sarki yake bin talaka. Amma idan sarkin ake bi, sai tsarin ya fara jan ƙafa. Daga wannan giɓin ne majalisar dokokin Ingila ta sami ƙarfinta.

Domin ku iya auna alƙaluman da za su zo, ku riƙe wannan: dokar ƙwadago ta 1351 ta yanke wa babban kafinta kwabo 3 a rana, babban magini kwabo 4. Kwabonsu na azurfa ne. Wanda ya mallaki fam ɗaya, ya riƙe ladan kwana 80 na kafinta.

Na ɗaya: ƙasa

Tun da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, doka ta zauna a kan cewa duk ƙasar ta sarki ce, kowa riƙo yake yi. Manyan hakimai da barade suna riƙe da nasu kai tsaye daga hannun sarki, su kuma su ba na ƙasa da su. A 1086 Wiliyam ya sa aka zaga ƙasar aka rubuta wa ke riƙe da me, garma nawa, injin niƙa nawa, nawa wurin ke kawowa a shekara. Kundin nan mai suna Dumsde yana nan har yau a gidan adana takardun tarihin Birtaniya da ke Kiyu, a Landan.

To me sarki ke samu daga wannan mallaka? Babbar ribarsa tana zuwa ne ranar da wani ya rasu. Da zarar labari ya iso cewa mai riƙe da ƙasa daga hannun sarki ya cika, sai ofishin hatimi ya aika wa jami'in gado na wannan gunduma da takarda. Shi kuma ya kama filayen da sunan sarki, ya tara mutanen yankin, galibi goma sha biyu, ya rantsar da su. Tambayoyin ba sa canjawa: me mamacin ya riƙe? Nawa yake kawowa a shekara? Yaushe ya rasu? Wa ke gadonsa, kuma shekarunsa nawa?

Tambayar ƙarshen nan ita ce mai tsoka. Idan magaji ya kai shekara 21, zai biya kuɗin shiga gado a ba shi kayansa. Yarjejeniyar Magna Kata ta 1215 ta ƙayyade kuɗin: fam 100 ga babban hakimi, sule 100 ga barde. Idan kuwa yaro ne, sarki zai ci amfanin filayen har ya girma, kuma aurensa ma a hannun sarki yake. Sarki na iya sayar da riƙon marayan da ikon aurar da shi ga wanda ya fi tayi. Jama'a, dukiyar maraya ke nan ta zama haja, kuma doka ce ta ba da dama.

Ranar da marayan ya ce ya girma fa, a ƙasar da ba a rajistar haihuwa? Sai a sake tara dattawa. Takardun shaidarsu suna da daɗin karatu. Wani ya ce ya tuna ranar da aka kai jaririn coci saboda a ranar ya faɗo daga doki ya karye. Wani ya ce a makon ya aurar da 'yarsa. Wani ya ce shi ya riƙe kyandir a wurin bikin. Magatakarda ya rubuta sunan kowa da shekarunsa a kan fatar tunkiya da aka jeme, a aika fadar Westminista. Da tunanin manoma ake buɗe wa ɗan hakimi ƙofar gadonsa.

Edwad na Ɗaya ya ga wannan riba tana zurarewa ta kafofi biyu, sai ya toshe su. Ta farko, mutane suna sadaukar da filaye ga coci da gidajen zuhudu. Coci ba ta mutuwa, ba ta barin maraya, saboda haka filin da ya shiga hannunta sarki ya yi ban kwana da kuɗin gadonsa. Dokar 1279 ta hana haka sai da izinin sarki, kuma ba a jima ba izinin ya zama abin saye. Ta biyu, masu filaye suna yanka wa wasu su riƙe a ƙarƙashinsu, sarƙar riƙo tana ta tsawo, haƙƙin na sama yana narkewa. Dokar 1290 ta ce ɗan ƙasa mai 'yanci yana iya sayar da filinsa, amma mai saye zai hau gurbin mai sayarwa ne, da duk nauyin da ke kansa. Tun 1274 kuma ya aika masu bincike gunduma-gunduma, daga baya alƙalansa suka riƙa tambayar manya: da wace hujja kake riƙe da wannan kotu ko wannan kasuwa?

Na biyu: ulu da kuɗin fito

Duk da wannan ƙoƙari, abin da ƙasa ke kawowa ba ya ɗaukar nauyin yaƙi. Arziƙin Ingila na gaske a bayan tumaki yake. Masaƙan Filandas, a garuruwan Gent da Buruj da Ifar, da na Fulorans a Italiya, duk gashin tumakin Ingila suke nema saboda laushinsa. A farkon ƙarni na 14 ana fitar da buhu sama da 30,000 a shekara, kowane buhu kimanin kilo 165. Har yau mai jagorantar zaman majalisar dattawan Birtaniya a kan matashin da aka cusa wa ulu yake zama, don tuna wannan zamani.

A 1275 majalisa ta amince wa Edwad da kuɗin fito na dindindin, sule 6 da kwabo 8 a kan kowane buhun da zai bar ƙasar. Hikimar abin ita ce, ulu kaya ne mai girma da nauyi, ba a ɓoye shi a aljihu, kuma dole ya bi ta tashoshi ƙalilan kamar Landan da Boston da Hul da Sawuthamton. Maimakon sarki ya bi manoma dubbai ƙauye-ƙauye, sai ya tsaya a bakin teku ya jira.

Ku zo mu tsaya a tashar mu ga yadda ake yi. An sauke buhuna, ma'auni ya ɗora su a kan babban sikelin sarki. Masu karɓar kuɗi, waɗanda galibi attajiran garin ne, suna rubuta sunan ɗan kasuwa da jirgin da nauyin kaya. Gefe guda ga wani jami'i, mai sa ido, yana rubuta nasa kundin daban. Hatimin da ake buga wa takardar fita gida biyu ne: rabi a hannun masu karɓa, rabi a hannun mai sa ido. Takarda ba ta cika sai an haɗa su. A ƙarshe kundin biyu su tafi baitulmali a gwada su. Mutum ɗaya ba zai iya cin kuɗin ba sai ya sami abokin cin mushe. Ɗaliban adabi za su so su ji cewa Jefri Cosa, babban mawaƙin Turancin wancan zamani, ya riƙe wannan aiki na sa ido a tashar Landan daga 1374 zuwa 1386, kuma sharaɗin naɗinsa shi ne ya rubuta kundin da hannunsa.

Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima, kuma sarakuna sun ga kimar wannan rijiya. Da yaƙi ya ɓarke da Faransa a 1294, Edwad ya ɗaga kuɗin zuwa sule 40 a buhu ba tare da yardar majalisa ba. Wa ya biya? 'Yan kasuwa sun rage farashin da suke ba makiyaya, nauyin ya koma kan mai tumaki. Kuka ya yi yawa har aka tilasta wa sarki janye ƙarin a 1297. A 1303 ya yi wata yarjejeniya da baƙin fatake: ya ba su kariya da 'yancin ciniki, su kuma su biya ƙarin sule 3 da kwabo 4 a buhu. Jikansa Edwad na Uku, da ya shiga dogon yaƙi da Faransa a 1337, ya mai da babban harajin ulu abin kullum.

Don a sauƙaƙa karɓa, sai aka ce ulu ya bi ta kasuwa ɗaya tilo. Daga 1363 wannan kasuwa ta zauna a Kale, garin da Ingila ta ƙwace a gaɓar Faransa a 1347. Ƙungiyar attajiran da ke riƙe da kasuwar ta zama mai ba sarki rance, har a 1466 aka ɗora mata biyan albashin sojojin da ke gadin garin, ta cire daga kuɗin fito.

Akwai wani sakamako da babu wanda ya shirya shi. Ɗanyen ulu yana ɗauke da haraji mai nauyi, amma yadin da aka saƙa a gida, da aka sa masa kuɗin fito a 1347, kwabo 14 kacal ɗan ƙasa ke biya a kan turmi. Masaƙin Ingila yana sayen ulu da araha, na Filandas yana saye da tsada. Kafin ƙarshen ƙarni na 15, ɗanyen ulun da ake fitarwa ya faɗo ƙasa da buhu 10,000 a shekara, yadi kuwa ya zama babban abin da Ingila ke sayar wa duniya. Harajin da aka sa don yaƙi shi ya reni masaƙa.

Na uku: teburin baitulmali da sandar shaida

Ina kuɗin ke zuwa, kuma yaya ake tabbatar da sun iso? Baitulmalin sarki, wanda suke kira Eksceka, ya kafu tun zamanin Henri na Ɗaya, a farkon ƙarni na 12. Sau biyu a shekara, lokacin bikin Ista da ƙarshen Satumba, wakilin sarki na kowace gunduma yakan zo Westminista ya ba da bayani. Ana zaunar da shi a gaban wani babban tebur da aka shimfiɗa wa ƙyalle mai gida-gida, kowane layi da matsayinsa: na kwabo, na sule, na fam, na ashirin, na ɗari, na dubu. Mai lissafi ya jera 'yan ƙwayoyi a sama, abin da ake bin wakilin ke nan, ya jera wasu a ƙasa, abin da ya kawo ko ya kashe da izini. Ana kwashewa ɗaya bayan ɗaya, abin da ya rage kowa yana gani da idonsa, ko ya iya karatu ko bai iya ba. Sakamakon a rubuta shi a manyan fatu da ake naɗewa. Mafi tsufan da ya tsira na shekarar 1130 ne, kuma daga tsakiyar ƙarni na 12 jerin ya ci gaba, da ɗan giɓi kaɗan, har zuwa 1832. Bashin da ba a biya ba ana kwafe shi daga kundin bana zuwa na baɗi, ya bi mutum har kan 'ya'yansa.

Rasit ɗinsu itace ne. Idan ka kawo kuɗi, ma'aikaci zai ɗauko sanda mai tsawon kamar taƙi ɗaya, ya sassaƙa mata gurabe a gefe. Gurbin fam dubu faɗin tafin hannu ne, na fam ɗari kaurin babban yatsa, na fam ashirin kaurin ƙaramin yatsa, na fam ɗaya ƙwayar sha'ir, sule ya fi haka siranta, kwabo kuwa ƙarta ce kawai. A rubuta sunanka da dalilin biya a jiki, sannan a tsage sandar a tsaye ta ratsa kowane gurbi. Ka tafi da ɓari mai tsawo, baitulmali ya riƙe gajeren. Ranar bincike a haɗa su. Idan ka ƙara gurbi a naka, na baitulmali zai tona ka. Idan ma'aikaci ya kankare a nasu, naka zai tona shi. Ƙirar jikin itacen ma shaida ce, domin ɓari biyu na sanda ɗaya ne kaɗai za su zauna daram.

An yi ta amfani da sandunan har 1826. A watan Oktoba na 1834 aka sa ma'aikata su ƙone tarin da ya rage a murhun da ke ƙarƙashin majalisar dattawa, wutar ta ƙwace, ta cinye mafi yawan tsohuwar fadar Westminista. Ginin majalisar da kuke gani a hotuna yau, a kan tokar wancan aka gina shi.

Na huɗu: ranar da sarki ne ake bi

Yanzu mun iso zuciyar magana. Duk abin da na bayyana an gina shi ne don karɓa. Mu juya teburin mu ga biya.

Yaƙi ba ya jiran kaka. Soja yana son albashinsa yau, haraji kuwa sai bayan watanni yake taruwa. Saboda haka sarakuna suka dogara da masu ba da rance. Sun daɗe suna tatsar Yahudawan ƙasar, har Edwad na Ɗaya ya kore su gaba ɗaya a 1290 bayan an talauta su. Manyan masu ba shi rance su ne kamfanin Rikardi na garin Lukka a Italiya: su ba shi kuɗi a duk inda yake buƙata, shi kuma ya bar musu kuɗin fiton ulu su fanshe. Da yake coci ta haramta riba, ribarsu akan rubuta ta da sunan kyauta ko diyya. A 1294 da suka kasa kawo abin da yake so, ya ƙwace kadarorinsu, kamfanin ya durƙushe. Fireskobaldi na Fulorans suka maye gurbinsu, aka kore su a 1311. Bardi da Feruzi suka ɗauki nauyin Edwad na Uku. Shi kuwa bashi ya kai shi har ya jinginar da babban kambinsa na sarauta ga babban limamin cocin Tiriya a 1339. Feruzi suka karye a 1343, Bardi a 1346, kuma bashin sarkin Ingila yana cikin abubuwan da suka kayar da su.

Waɗannan manya ke nan. Ƙaramin mai bin bashi fa? Idan ka je baitulmali karɓar haƙƙinka, sau da yawa ba za ka ga azurfa ba. Za a sassaƙa sanda kamar dai mai karɓar kuɗin fito na Hul ya riga ya kawo kuɗi, a miƙa maka, a ce ka je Hul ka karɓa a hannunsa, ka bar masa sandar ta zama rasit ɗinsa. Dabara ce mai kyau a takarda, tana rage jigilar kuɗi a hanyoyi masu 'yan fashi. Amma idan ka isa Hul bayan tafiyar kwanaki, ka tarar an riga an ba mutum biyar sanduna a kan kuɗi ɗaya? Sai ka komo Westminista a soke, a ba ka wata a kan wata tasha. Mai uwa a gindin murhu a ba shi tasha mai kuɗi, marar galihu ya yi ta yawo. Da ya gaji, sai ya sayar da sandar da hasara ga wani na kusa da fada, shi kuma ya karɓi kuɗin cif. Duk ɗan kwangilar da ya gama aiki ya shekara yana zarya da takardar biya a hannu, ya san zafin da nake nufi.

Na can ƙasa kuma shi ne manomi. Sarki yana da ikon sayen abinci da dabbobi da amalanke don fadarsa da rundunarsa, a farashin da jami'ansa suka yanka. Su zo ƙauye su kwashe hatsi da shanu, su bar wa mai kaya guntun itace. Wa zai bar gonarsa ya tafi Westminista neman sule uku? Ƙorafi a kan wannan bai yanke ba a majalisa, har dokar 1362 ta ce dole a biya nan take, kuɗi hannu.

Na biyar: majalisa da talakawa

Sarkin da bashi ya yi wa katutu dole ya roƙi haraji, wanda ake roƙo kuwa yana da bakin gindaya sharaɗi. A 1297 Edwad na Ɗaya ya amince ba zai sake ɗora irin waɗannan haraji ba sai da yardar jama'ar ƙasa. A 1340 Edwad na Uku ya sake tabbatar da haka a doka. A 1362 aka ce harajin ulu ma sai da majalisa. A 1376 wakilan gundumomi da birane suka zaɓi Pita de la Mar ya yi magana da yawunsu, suka gurfanar da Lod Latima, babban jami'in fada, da attajiri Ricad Layons. Cikin tuhumar har da sayen basussukan sarki da araha su karɓi cikakken kuɗi, da sayar da izinin kauce wa kasuwar Kale. Wannan ne karo na farko da majalisar Ingila ta tuhumi jami'an sarki ta wannan hanya. A 1407 Henri na Huɗu ya yarda cewa ba da haraji daga zauren wakilai yake tasowa.

Kada mu yi zaton majalisar nan ta talakawa ce. Masu filaye da attajirai ne, kuma sun san inda suke tura nauyi. Tun 1334 aka daskarar da harajin dukiya a kan kimanin fam 38,000, kowane gari da kasonsa. Annobar 1348 zuwa 1349 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar, ma'aikata suka yi ƙaranci, lada ya tashi, sai majalisa ta yi dokar ƙwadagon da na ambata don danne shi. Sannan ta ƙirƙiro harajin kai. A 1377 kwabo 4 ne a kan duk wanda ya kai shekara 14, aka kuma rubuta mutum 1,355,201 da suka biya. A 1380 aka ninka shi uku, sule ɗaya a kan duk wanda ya kai 15. Ku lissafa: kafinta da matarsa da 'ya'ya biyu manya, ladan kwana 16 ke nan. Da kundin ya dawo, sai aka ga kusan kashi ɗaya cikin uku na masu biya sun ɓace. Mutane sun ɓoye 'yan'uwansu.

Gwamnati ta aika masu bincike. A ƙarshen Mayu 1381 mutanen ƙauyukan Eseks suka fatattaki ɗayansu a garin Burentwud, wuta ta kama. Cikin mako biyu talakawan Eseks da Kent, ƙarƙashin Wat Taila, suka shiga Landan. Me suka fi nema a hanya? Takardu. Sun ƙone kundin kotunan iyayen gijinsu da na jami'an haraji, domin sun san a nan aka ɗaure su. Ranar 14 ga Yuni suka fito da Saiman Sadbari, mai riƙe da babban hatimi kuma shugaban cocin Kantabari, da ma'ajin ƙasa Robat Hels, suka fille musu kai. An murƙushe boren, Sarki Ricad na Biyu ya janye alkawuran da ya yi musu, amma an daɗe ba a sake gwada irin wannan harajin a kan kowa da kowa ba.

Zamanin Henri na Shida ya nuna ƙarshen hanyar. Ya yi ta rabar da filayen sarauta ga 'yan fada, yaƙin Faransa yana ci, har a 1450 bashin sarki ya kai fam 372,000. A shekarar majalisa ta yi dokar ƙwato filayen da aka rabar, mutanen Kent suka sake tashi ƙarƙashin Jak Ked, suka kashe ma'aji Lod Se. Shekara biyar bayan haka yaƙin basasa ya fara. Edwad na Huɗu da ya karɓi mulki a 1461 ya ɗauki darasi. Ya sa masu bincike a kan filayen sarauta, ya karkatar da kuɗinsu zuwa ɗakin ajiyarsa na fada inda ake biya da sauri, ya shiga fataucin ulu da yadi da kansa, ya kuma faɗa wa majalisa a 1467 cewa niyyarsa ya rayu da abin hannunsa. Ya rasu a 1483 ba tare da tulin bashin da magabatansa suka saba bari ba.

Kammalawa

Jama'a, ga hukuncina. Ingila ta wancan zamani ta ƙware a abubuwan da har yau ake koyar da su a ajin akanta: hatimi gida biyu, kundi biyu a hannu biyu, rasit da ba ya karɓar jabu, bincike a bainar shaidu. Duk da haka an kashe ma'aji a titi, bankuna sun karye, ƙasa ta faɗa yaƙin basasa. Dalili shi ne an yi wa karɓa shinge mai ƙarfi, an bar biya a hannun son rai da alfarma. Hukumar da ta san duk wanda take bi, ta manta waɗanda ke bin ta, tana cin amanar da ita ce jarinta. Sarakunan da suka gane haka sun zauna lafiya da attajirai da majalisa, waɗanda suka ƙi ganewa sun sayar da ikonsu kaɗan-kaɗan don su sami na kashewa.

Kirana ga ɗalibanmu: tarihin mulki yana cikin rasit da kundin haraji da takardar gado kamar yadda yake cikin labarin yaƙi. Gidan adana takardun tarihi na Kaduna cike yake da kundin haraji da jangali da lissafin baitulmalin masarautunmu. Ku je ku buɗe su, ku yi musu tambayoyin da muka yi wa na Ingila: wa ya biya, wa ya karɓa, wa aka bari yana jira? Waɗanda Allah zai ba riƙon dukiyar jama'a a cikinku kuma, ku biya haƙƙin ƙaramin ma'aikaci da saurin da kuke karɓar harajinsa.